Yadda za ka gane guringuntsi iri uku a jikinka

Lanƙwasa kunnenka ka saki, nan take zai koma yadda yake. Wannan shi ne guringuntsi mai talewa. Taɓa maƙogwaronka, zoben da ka ji shi ne na biyun, mai santsi, irin wanda ya lulluɓe bakin ƙasusuwa a gwiwa, kaurinsa milimita 2 zuwa 4. Na ukun, mai tauri, faifai ne tsakanin ƙasusuwan gadon baya, shi ke shanye nauyi.

Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa rauninsa ke daɗewa bai warke ba. Na gwiwa daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kuma motsi na taimaka masa wajen samunsa, don haka ka riƙa tafiya kullum. In kunne ya tara jini bayan naushi, kamar na 'yan dambe, a je asibiti a zuƙe shi da wuri, in ba haka ba, kunnen zai iya dunƙulewa har abada.