Kafin ka sa wa motarka bel ɗin 'yan tsere

Makon jiya ɗan yayata ya shigo garejina a nan Sakkwato da Hondarsa, riƙe da wani jan bel mai faɗi a leda, irin mai madauri huɗu. Ya ce, "Kawu, cire min na kamfani ka sa min wannan." Na ce masa zauna tukuna. Shekara ashirin da ɗoriya ina walda da gyaran bodin mota, na ga motocin da taya ta fashe musu a hanyar Gusau da ta Illela suka wuntsila, na kuma ga inda rufi yake tsayawa bayan ya lotse.

Fara da ɗaga kai ka dubi rufin motarka. In babu kejin bututun ƙarfe da aka kafa shi da bodin mota, to ka bar bel ɗin kamfani a wurinsa. Bel mai madauri uku, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959, kafaɗa ɗaya yake riƙewa, shi ya sa idan rufi ya danno, jikinka na da damar karkacewa gefe. Na tsere kuwa kafaɗu biyu yake kafewa a jikin kujera, kana zaune ƙyam. Rufi in ya sauko, kanka zai fara tararwa, nauyin kuma ya bi wuya zuwa ƙashin baya. Wannan ne ya fi tayar min da hankali, domin yaranmu masu wasan mota a wajen biki suna ganin bel ɗin ya ƙara musu tsaro ne.

Ko motar ba ta kife ba, akwai wata matsalar. A karo na gaba da gaba, in bel mai madauri huɗu ne, madaurin kafaɗa na jawo na ƙugu sama, mutum ya zame ta ƙarƙashinsa, bel ya bar ƙashin ƙugu ya nutse cikin ciki, inda hanta da saifa da hanji suke. Dalilin da ya sa na masu tsere yake da madauri biyar ko shida ke nan, akwai wanda ke bi ta tsakanin cinyoyi ya riƙe sauran ƙasa. Sannan jiki in ya kafu, kai kaɗai ke fizgewa gaba. Haka direban tsere Dale Earnhardt ya mutu a tseren Daytona na Amurka a 2001, ƙashin gindin ƙoƙon kansa ya karye, kuma a shekarar aka wajabta wa direbobin NASCAR, wato gasar tseren motoci ta Amurka, na'urar da ke haɗa hular kwano da kafaɗu.

To in da gaske tsere za ka yi a filin da aka tanada, sai ka haɗa kayan gaba ɗaya: keji, kujerar tsere mai kafofin da bel ke bi, bel mai madauri biyar ko shida, hular kwano da mariƙin wuya. Madaurin kafaɗa a ɗaure shi a ƙarfen da ya gitta bayan kujera, daidai da kafaɗa ko ƙasa kaɗan, kada karkatarsa ƙasa ta wuce digiri 20. Kada ka yarda wani ya huda ƙasan mota a bayan kujera ya ɗaura shi can, don in aka yi karo ƙasa zai danna ka ya matse ƙashin baya. Ka duba lakabin bel ɗin: na FIA, wato hukumar tseren motoci ta duniya, shekara 5 ne wa'adinsa, kuma zafin ranarmu na cin zaren. Na jabu sun cika kasuwa, masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni.

Amma motar da aka yi wa keji ba ta yawon gari ba ce. Babu hular kwano, kai ya bugi bututun nan, ko an naɗa masa soso, rauni ne babba.

Ɗan yayan nawa dai na gwada masa bel ɗinsa na asali, na fizga ya cije, na duba bai zare ko'ina ba. Jan kuwa yana nan cikin ledarsa a kabad ɗina, na ce ya zo ya karɓa ranar da ya samu motar da aka yi wa keji.