Yadda ake rubuta labarin soyayya na hunturu mai jarumai masu aibi

Duk sanda Disamba ta kama sai ka ga littattafan soyayya na Kirsimeti sun fito, bango ja da kore, dusar ƙanƙara na zuba, amma da yawansu kana karanta shafi goma ka ajiye saboda saurayin ba shi da laifi ko ɗaya, budurwar ma haka, kamar ba 'yan Adam ba. Ni kam wanda ke riƙe ni har tsakar dare shi ne wanda mutanen ciki ke da hali mai ciwo. In irinsa kake son rubutawa, ga yadda za ka bi.

Da farko ka fara da aibin, tun kafin suna ko kamanni. Kuma aibi na gaske fa, ba wai "tana son aikinta da yawa" ba. A ce mace ce da in abu ya yi zafi sai ta tattara ta gudu ko sallama babu, ta taɓa barin ƙanwarta ita kaɗai da jinyar mahaifinsu, har yau ba su shirya ba. Shi kuma mai riƙo ne, ka ɓata masa yau ya tuna maka bayan shekara 5. Ka tambayi kanka, wa wannan halin ya taɓa cutarwa? In babu kowa to ado ka yi musu, sake lale.

Na biyu, halayen nan biyu su zama masu karo da juna. Mai gudu da mai riƙo, ai ka ga rigima ta samu da kanta ba sai ka ƙirƙiro wani mugu ba.

Na uku shi ne sanyin, kuma nan mutane ke sakaci. A arewacin duniya ranar 21 ko 22 ga Disamba ce yini mafi gajarta a shekara, a Reykjavik ta ƙasar Iceland hasken rana bai wuce kamar awa 4 ba, kenan mutane na cikin ɗaki dare ya yi tsawo ba wajen zuwa. To ka sa wannan ya yi maka aiki, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, an soke tashin jirgi, wuta ta ɗauke, murhu ɗaya ne a gidan, mai gudun nan ta rasa ta inda za ta bi dole ta zauna ta ji maganar da ta daɗe tana kauce wa. Amma ka lura da inda ka ajiye labarin, in Ostireliya ce Kirsimeti cikin zafi take zuwa musu, ba ruwansu da ƙanƙara.

Sai kalanda. Ranar 25 ga wata ba ta matsawa, dangi za su taru ko an shirya ko ba a shirya ba, don haka ka fara labarin kamar ranar 18, kowane babi kwana ɗaya. Kada ya yi tsawo, kalmomi 20,000 zuwa 40,000 sun isa, abin da mutum zai cinye a dare biyu na hutu.

Na biyar, kuma shi ya fi wuya, ka bari su sake aikata aibin a gaban mai karatu. Daren 24 hanya ta buɗe, ita kuma ta ɗauki jaka ta fita bayan ta yi alƙawarin ba za ta tafi ba. Kada ka wanke ta, kada ka ce ai rashin fahimta ne, wallahi tausayin marubuci a nan shi ke kashe labari. Ta tafi ne don tsoro, kuma ya ji ciwo.

Daga nan sai rufewa. Mai karanta soyayya yana jiran su daidaita, ka ba shi, amma gwargwadon abin da kwana 7 zai iya gyarawa. Ta tsayar da mota a hanya ta kira ƙanwarta tukuna, ta nemi gafara, sannan ta juyo. Shi kuma ya buɗe ƙofa, maganar jiya ta zo masa har baki, ya haɗiye ta, ya matsa mata ta shigo.