Ciwon gefen gwiwa na ciki: yadda za ki yi gashinsa a gida

Zauna a bakin gado, Hajiya, ki ɗora yatsa a kan ƙoƙon gwiwarki. Zame zuwa gefen da ke kallon ɗaya ƙafar, sannan ki sauko kamar santimita 5, faɗin yatsu 3 ke nan. Danna. Idan zafin ya sa kin janye ƙafa, kuma shi ne dai wanda ke tare ki a matakalar gadar Oshodi ko wajen tasowa daga sujada, to mai yiwuwa abin da ke damunki ba a cikin gaɓar yake ba.

A daidai wurin nan jijiyoyi 3 suke gangarowa daga cinya su manne da ƙashin ƙwauri. A ƙarƙashinsu akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa, aikinta ta hana su gogar ƙashi. Idan gugar ta yi yawa sai jakar ta kumbura. A aikina na gashin ƙashi a nan Legas, iyayenmu mata na fi gani da shi, musamman masu jiki, masu ciwon suga, da waɗanda amosanin gwiwa ya fara taɓawa. Gwame ma kan jawo shi. Maza ba su tsira ba: masu dakon kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 da samari 'yan ƙwallo suna zuwa da shi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, zafin a gwiwa yake, amma gyaran a cinya da ƙugu yake. Tsokar bayan cinya ce ta ɗaure take jan jijiyoyin, ta gaban cinya da ta ƙugu kuma sun yi rauni sun bar gwiwa tana faɗawa ciki. Shi ya sa shafa man zafi dare da rana ba ya raba ki da shi. Tsaga kuwa, don Allah kar ki bari a yi miki a wurin, balle in kina da suga, don rauni a ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa.

Makon farko na kwantar da kumburi ne. Ki sayi fiya wata da ya daskare, ki naɗe shi a tsumma, ki ɗora minti 15 zuwa 20, sau 3 a yini. Kar ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Da dare ki sa filo tsakanin gwiwoyinki in kina kwanciya a gefe, domin haɗuwarsu ce ke tayar da mutane cikin dare. Ki rage hawa bene iya yadda zai yiwu, ɗaukar ruwa zuwa sama kuma a bar wa yara. In hawan ya zama dole, lafiyayyar ƙafa ce gaba wajen hawa, mai ciwo ce gaba wajen sauka, mataki ɗaya-ɗaya. Kujera 'yar tsugunno a kicin ki musanya ta da mai tsayi. Salla a zaune ta halatta ga mai lalura, ki yi ta a kan kujera kafin wurin ya lafa. Amma kar ki kwanta gaba ɗaya, tafiya kaɗan a fili mai laushi tana da amfani.

Da zafin ya ɗan sauka sai miƙa tsoka, kuma a nan ne aikin yake. Kwanta rigingine, ki zagaya tawul ko ɗankwali a tafin ƙafar mai ciwo, ki ja ta sama a miƙe har ki ji bayan cinya ya ja. Tsaya nan daƙiƙa 30, kina numfashi, ba fizga. Sau 3, safe da yamma. Ja za ki ji a bayan cinya, ba suka a gefen gwiwa ba. In suka kika ji, kin wuce gona da iri, ki sauke kaɗan. Mutane da yawa kan sake ƙafar bayan daƙiƙa 10 suna ganin sun yi, gara ki sa agogon waya ya ƙirga miki.

Sai ƙarfafawa. Kina zaune a tabarma ƙafa a miƙe, ki sa naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin gwiwa, ki danna shi ƙasa har gaban cinya ya yi tauri, daƙiƙa 5, sau 10. In wannan ya zama ba komai, ki kwanta, ki lanƙwasa lafiyayyar ƙafa, ki ɗaga mai ciwon a miƙe zuwa tsayin ɗaya gwiwar, ki sauke a hankali. Na ƙarshen shi aka fi gudu, shi kuma na fi damuwa da shi: kwanta a gefe, mai ciwon a sama, ki ɗaga ta a miƙe ba tare da ƙugu ya kife baya ba. Za ki ji gefen ɗuwawu ya ɗauki zafi tun kafin ki kai 10, wannan tsokar ce ke hana gwiwa karkata ciki a kowane taku. Duk motsin da ya bar miki ƙarin ciwo har wayewar gari, ki rage yawansa.

Sauƙi yakan ɗauki mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye, musamman in akwai amosani. Silifas da ya cinye gefe guda ki yar da shi, kuma rage ƙiba ko kaɗan ne yana sauke wa gwiwa kaya. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma mai olsa, ciwon ƙoda ko hawan jini kar ta sha sai da izinin likita.

Akwai inda gashin gida ba ya aiki. In gwiwar ta yi ja, ta yi zafi a taɓawa, ga zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, asibiti za ki nufa a ranar. Haka in faɗuwa kika yi, ko gwiwar tana maƙalewa, ko tana sakin ki a tsaye. In kuma kin yi wata 2 kina bi babu canji, Asibitin Ƙashi na Igbobi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba duk suna da sashen gashi. Wani lokaci likita kan yi allura a cikin jakar; in kina da suga ki faɗa masa tun kafin ya yi, domin allurar kan ɗaga suga na wasu kwanaki.