Yadda ake bin sawun mulkin Turawa a Bahrain ta cikin fayilolinsu

Ɗalibin tarihi da ke Madina ko Riyad ko Dammam, in ya zaɓi Bahrain ta zamanin Turawan Ingila don bincikensa, ba sai ya je Landan ba. Tun 2014 ake zuba hotunan takardun ofisoshinsu na yankin Gulf a Qatar Digital Library, kyauta, da bayani cikin Larabci da Turanci. Samun takardun ya yi sauƙi, karanta su daidai ne aikin.

Kafin ka buɗe fayil ko ɗaya, ajiye tsarin Razdan da Di'o da En'e da ka sani a Arewacin Najeriya. A can an ci ƙasa da yaƙi, Sakkwato ta faɗi a 1903, Bature ya naɗa sarki ya kuma sa ido a Baitulmali. Bahrain kuwa yarjejeniya aka ɗaure ta da ita. Shaihu Isa bin Ali Al Khalifa ya sa hannu a 1880 da 1892 cewa ba zai ƙulla hulɗa da wata ƙasa ba, ba zai kuma ba wa kowa yankin ƙasarsa ba sai da yardar Ingila. Kuwait ta yi irin wannan a 1899, Katar a 1916. A rubuce, harkokin cikin gida na Shaihu ne, Bature mai ba da shawara ne kawai. Abin da za ka nema shi ne inda shawarar ta zama umarni, da ƙofar da ta bi ta shiga. Wanda ya shigo da awon En'e zai yi ta neman takardar harajin da Bature ya yanka wa talakawa, ba zai same ta ba, sai ya ɗauka Turawa ba su taɓuka komai ba.

Sai ka haddace matakalar iko, domin ita ke gaya maka wa ke rubuta wa wa. A Manama, babban birnin Bahrain, akwai Wakilin Siyasa, muƙamin da ya tabbata a 1904. Sama da shi akwai Razdan na Gulf, mai zama a Bushir ta gaɓar Iran har 1946, sannan aka mayar da ofishinsa Bahrain. Sama da Razdan sai Gwamnatin Turawa ta Indiya, sannan Ofishin Indiya a Landan. Lambobin fayil ma haka suke bi: IOR/R/15/1 na Razdan ne, IOR/R/15/2 na Wakilin Bahrain, IOR/R/15/5 na Kuwait, IOR/R/15/6 na Maskat. Masu L/PS kuwa na Landan ne. Magana ɗaya takan fito a wuri uku, kuma tana sauya kama tana hawa: Wakili ya rubuta da zafi, Razdan ya sassauta, Landan ta tambayi nawa abin zai ci. Karanta duka ukun. Daga 1948 Ma'aikatar Harkokin Wajen Ingila ta karɓi ragamar yankin, don haka abin da ya biyo baya, kamar boren 1954 zuwa 1956 da aka kai jagororinsa tsibirin Sant Helena, a jerin FO 371 da FO 1016 za ka neme shi. Da yawa daga cikinsu suna shafin Arabian Gulf Digital Archive.

Wajen nema, rubutun sunaye kan kayar da mutane. Gwada Bahrein tare da Bahrain, Koweit da Kuwait, Katif da Qatif, Nejd da Najd, Bin Saud da Ibn Saud. Harafi ɗaya kan ɓoye maka fayil sukutum.

In ka buɗe fayil, fara da ƙarshensa. A na ofishin Wakili, can baya ake samun bayanan ma'aikata, inda akawu da munshi, wato magatakarda mai fassara, da Wakilin kansa ke rubuta wa juna gajerun kalmomi. Nan za ka ga wanda aka ce a yi wa shiru, da wasiƙar da aka jinkirta da gangan. Fayilolin Landan da yawa kuwa daga baya suke tahowa gaba, takarda mafi tsufa tana ƙasa; in ka bi su daga shafin farko, za ka karanta hukunci kafin ƙara. Lambar da za ka kafa hujja da ita ita ce ta fensir da aka zagaye a kusurwar dama ta sama. Lambar hoton da intanet ke nunawa daban take.

Bahaushen da ya taso a Makka ko Jidda yana da abin da masu bincike da yawa ba su da shi, wato Larabci. Wasiƙun Shaihu da na alƙalai da koke-koken talakawa da Larabci suke isowa, munshi ya fassara wa Wakili. Sau da yawa asalin yana manne da fassarar. Ɗora su gefe da gefe. Fassara kan datse doguwar gaisuwa, kuma a cikin gaisuwar nan ake gane ko Shaihu ya amince ne ko ya ƙi cikin ladabi. "In sha Allahu" da aka juya ta zama alkawari a Turanci ba lalle alkawari ba ce.

Abu uku za ka bi. Mafi girmansu shari'a. Dokar da Ingila ta yi wa Bahrain a 1913, wadda ta fara aiki a 1919, ta sa baƙi a ƙarƙashin kotun Wakili. Manama kuwa gari ne na fatauci, cike da Farisawa da Indiyawa da mutanen Najd da Ahsa. Duk wanda aka kira baƙo ya fita daga hannun Shaihu, shi ya sa aka daɗe ana ja-in-ja a kan talakawan Ibn Sa'ud. A kowace ƙara rubuta abu huɗu: ɗan ina ne mai ƙara, ɗan ina ne wanda ake ƙara, wace kotu ta saurara, wa ya zartar. Akwai kotun haɗin gwiwa, akwai alƙalan Sunna da na Ja'afariyya, akwai Majalisul Urfi ta 'yan kasuwa, akwai Salifa ta masu nutso neman lu'ulu'u. In ka jera ƙararraki talatin ko arba'in haka, iyakar ikon kowa za ta fito fili fiye da yadda rahoton shekara zai nuna maka.

Na biyu kuɗi. Kafin a samu mai a 1932, kwastan ce jijiyar gwamnati, kuma da 'yan kasuwar Indiya ake ba kwangilar karɓarta. Ranar da kuɗin kwastan ya daina shiga aljihun Shaihu kai tsaye, ya koma asusun gwamnati, aka yanka wa 'yan gidan sarauta albashi, ranar mulki ya sauya. Lissafin da rupin Indiya yake: ƙaramin kuɗin da ake kira anna, guda 16 ke yin rupi ɗaya, saboda haka 250/8/- na nufin rupi 250 da rabi. Lak ɗaya dubu ɗari ne, ana rubuta shi 1,00,000. Kada waƙafin ya sa ka karanta miliyan. Rahotannin gwamnatin Bahrain da shekarar Hijira suke, na Wakili da Miladiyya. Ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622: 1350 ta ba ka 1931, amma ta tsallaka cikin 1932, don haka sai ka duba wata kafin ka haɗa alƙaluman biyu.

Na uku mutane, kuma 1923 ce shekarar gwaji. Baharna, manoman dabino 'yan Shi'a, sun kai kuka kan haraji da aikin tilas. A watan Mayu aka yi rikici tsakanin Najdawa da Farisawa a kasuwar Manama, kafin watan ya ƙare aka sa Shaihu Isa ya sauka, ɗansa Hamad ya riƙe mulki, Manjo Daly yana Wakili. Ƙabilar Dawasir ta bar garin Budayya na Bahrain ta haye Dammam. Mai zaune a Gabashin Saudiyya yana kusa da ɗaya ɓangaren labarin, sai ya gwada fayil da abin da aka rubuta a nan da kuma takardun Darat al-Malik Abdul'aziz, cibiyar adana takardun tarihi a Riyad. Fayil zai ce gyara aka yi, waɗanda suka tashi za su ce kutse ne, kuma duka biyun shaida ce.

Daga 1926 zuwa 1957 akwai wani tarko: Charles Belgrave. Bature ne, amma ma'aikacin Shaihu ne, shi ke biyansa, kuma kuɗi da 'yan sanda da kotu duk sun ratsa ta hannunsa. Kada ka lissafa wasiƙarsa a matsayin muryar Ingila, kada kuma ka ɗauke ta muryar Shaihu zalla. Duba wa ya aika wa, da kwafin wa ya ajiye.

Akwai kuma fayilolin 'yanta bayi. Wanda ya gudo ofishin Wakili sai a rubuta bayaninsa: inda aka haife shi, yadda aka sayar da shi, bashin nutson da ke kansa, kafin a ba shi takardar 'yanci. Ofishin jakadancin Ingila a Jidda ma ya yi irin wannan har 1936, kuma cikin waɗanda suka je akwai Takari, mutanen Afirka ta Yamma. Bayanan gajeru ne, ta bakin tafinta suka bi, kuma mai maganar ya san abin da Bature ke son ji kafin ya sa hannu. Ɗauki sunayen garuruwa da hanyoyin da aka bi da shi da muhimmanci, shekarun haihuwa kuwa ka riƙe su a matsayin ƙiyasi.