System UI ba bairos ba ce: kurakuran da masu wayar Android suka fi yi da ita

Kana cikin karanta saƙo sai agogon saman allo ya ɓace, maɓallan ƙasa su yi ɓatan dabo, can sai ɗan akwati ya fito yana cewa System UI ta daina amsawa. Yawancin mutane a ranar suke fara jin sunan, kuma a ranar suke yin kuskuren farko, su ce ai bairos ce ta shiga wayar.

Ba bairos ba ce. Manhaja ce da ke zuwa da wayar Android tun daga kamfani, cikakken sunanta com.android.systemui. Ita ke zana layin sama mai agogo da batir da sandunan sabis. Ita ce labulen da kake jawowa ƙasa ka duba sanarwa ko ka kunna tocila. Allon kulle nata ne, haka ma ɗan ma'aunin da ke leƙowa idan ka danna maɓallin ƙara. In kana son tabbatarwa, shiga saiti, buɗe jerin manhajoji, ka zaɓi a nuna maka na tsarin waya. Ta gaskiyar ba ta da maɓallin cirewa. Idan ka ga wata mai kamannin sunan kuma tana cirewa kamar kowace manhaja, wannan ce abin zargi, domin masu kutse kan ari irin waɗannan sunaye. Masu haɗa waya da kwamfuta su tumɓuke ta gaskiyar da ƙarfin tsiya kuwa, abin da ke biyo baya baƙin allo ne, ba agogo, ba maɓallin komawa baya.

Kuskure na biyu shi ne haɗa ta da lanca. Fuskar da gumakan manhajoji suke jere a kai ba System UI ba ce, wata manhaja ce daban: One UI Home a Samsung, Pixel Launcher a wayoyin Google, HiOS a Tecno, XOS a Infinix. Idan gumaka ne suka watse ko suka ƙi buɗuwa, lanca za ka duba. Idan sanarwa ce ta maƙale ko allon kulle ya sandare, System UI ce. Sai dai a kula, a saitin lanca akwai goge tarkacen wucin gadi, akwai kuma goge bayanai gaba ɗaya. Na farkon ba ya cutar da komai. Na biyun zai rushe duk jerin da ka ɓata lokaci kana shiryawa, ya mayar da fuskar kamar ranar da aka fito da wayar daga kwali.

Inda na fi ganin ana ɓata lokaci shi ne ɗora mata laifi ita kaɗai. Android na fito da gargaɗin nan ne idan manhaja ta kai kusan daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawarka ba. Da yake System UI ce ke karɓar sanarwar kowa, ita ke ɗauke da hoton da ka sa a fuskar waya, ita ke fama da manhajoji masu shawagi a saman allo, sau da yawa wani ne ya yi ɓarnar ita kuma ta sha duka.

Abin da ya faru a 2020 ya isa misali. Wani hoto mai kyau na tafkin Saint Mary da ke jihar Montana a Amurka ya yaɗu a intanet, duk wanda ya sa shi a fuskar wasu wayoyin Samsung da Pixel sai allon ya shiga kunnuwa yana mutuwa ba tsayawa. Babu wata muguwar manhaja a cikin hoton. Tsarin launinsa ne ya bambanta da wanda aka saba, wajen lissafin hasken sai adadi ya haura 255, iyakar da aka tanada, System UI ta faɗi. Ta tashi, ta sake cin karo da hoton, ta sake faɗuwa. Wasu sai da suka goge wayar kaf kafin ta dawo.

Saboda haka idan gargaɗin ya fito, zaɓi jira tukuna. In ya ci gaba, kashe wayar ka kunna. In ya dawo, tambayi kanka me ka sa mata kwanan nan: sabon jigo, hoton fuska mai motsi, manhajar canza haruffa, ko mai kulle wasu manhajoji? Hanya mafi sauƙi ta kama mai laifi ita ce yanayin da wayar ke kira Safe mode. A yawancin wayoyi za ka danne maɓallin kashewa, sannan ka ɗora yatsa a kan alamar kashewa har zaɓin ya fito. A wannan yanayin duk manhajojin da kai ka sauke ba sa aiki. In wayar ta lafa, to mai laifin na cikinsu, sai ka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da na baya-bayan nan. Ka kuma leƙa ma'ajiya, don wayar da ta cika maƙil komai nata nauyi yake yi.

Manhajojin da ke alƙawarin ƙara wa waya gudu, ni dai ban ga amfaninsu a nan ba. Suna rufe abubuwa, tsarin yana sake buɗe su, batir na tafiya a banza, ga tallace-tallace.

Sai masu garajen yin fomat, wato goge wayar kaf, tun daga gargaɗin farko. Shi ne mataki na ƙarshe, bayan ka gwada na sama, ka kuma duba ko kamfani ya turo sabuntawa. In ya zama dole, kwashe hotuna da lambobinka, ka tabbatar kana tune da imel da kalmar sirrin asusun Google da ke kan wayar. Tun daga Android 5.1, wayar da aka goge ta hanyar danna maɓallai ba ta buɗewa sai an shigar da wannan asusun.