Yadda Ake Gano Matsalar Caja, Batir da Dok a Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Duk mai aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka a Maradi, ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko ma'aikacin ofis, ko mai shagon buga takardu a gefen babbar kasuwa, ba zai rasa ranar da zai danna maɓalli kwamfuta ta ƙi tashi ba, ko ya jona caja ya ga batir bai motsa ba. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su ɗora wa batir laifi nan take, su sayo sabo, bayan ƴan kwanaki matsalar ta dawo kamar ba a yi komai ba. Hanyar da ta fi kiyaye aljihu ita ce a bi sawun wutar tun daga bango: soket, sannan caja, sannan bakin da ake soka cajar, sannan batir, daga ƙarshe bod ɗin kwamfutar, wato babban faifan lantarki da ke cikinta wanda duk sassanta ke haɗe da shi. Dalili kuwa shi ne abubuwan da ke waje su suka fi saurin lalacewa, kuma su suka fi arha. Bayan waɗannan za a zo kan dok, akwatin da ke haɗa kwamfuta da babban allo a kan tebur.

A fara da soket, ko da an ga kamar raina hankali ne. Wutar da NIGELEC ke bayarwa bolt 220 ce, kuma kusan kowace cajar kwamfuta tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka kwamfutar da aka shigo da ita daga Amurka ko Faransa ba ta da matsala ta wannan fuska. Matsalar tana wajen ƙafafun fulogi. Soket ɗinmu na ƙafa zagayayya ne irin na Faransa, alhali kwamfutoci da yawa suna shigowa daga Kano da Katsina da fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa, sai a haɗa su da ɗan adafta mai sako-sako wanda ke tartsatsi duk lokacin da aka taɓa shi. Caja takan yi ta kamawa tana saki, mai ita bai sani ba. A cire adaftan da doguwar wayar da ake jona abubuwa da yawa a kanta, a gwada wani soket na bango da aka tabbatar yana aiki. Idan aka ga nan matsalar take, a sayi igiyar caja mai fulogin da ya dace da soket, domin igiyar da ke tsakanin bango da akwatin caja ana sauya ta ita kaɗai.

Akwai kuma lokutan da bai kamata caja ta kasance a jone ba: lokacin da aka ɗauke wuta ana jiran dawowarta, lokacin tayar da janareto kafin ƙararsa ta daidaita, da lokacin hadari mai tsawa a damina. Masu amfani da sola su lura cewa ƙananan inbata masu arha, wato na'urorin da ke mayar da wutar batirin sola irin ta soket, ba sa fitar da wuta mai tsabta, kuma alamar hakan ita ce caja ta riƙa ƙugi tana zafi fiye da yadda ta saba.

Daga nan sai cajar kanta, kuma a nan ya kamata a daɗe. A juya akwatin caja a karanta rubutun da ke bayansa, a nemi wurin da aka nuna abin da take fitarwa, sannan a kwatanta da abin da aka rubuta a ƙarƙashin kwamfutar. Yawancin kwamfutocin Dell da HP suna son bolt 19.5, na Lenovo bolt 20, Acer da Asus da Toshiba kuwa bolt 19. Dole bolt ya dace. Ƙarfin cajar, wato wat, ana samunsa ne idan aka ninka bolt da amfiya: caja mai 19.5 da 3.34 wat 65 ce, mai 19.5 da 4.62 kuma wat 90 ce. Caja mai wat 90 ba za ta cutar da kwamfutar da ke buƙatar 65 ba, domin kwamfuta tana jan abin da take buƙata ne kawai. Akasin haka shi ne matsala: idan aka bai wa kwamfuta mai buƙatar 90 caja mai 45, za ta iya kunnuwa, amma batir ba zai cika ba, wani lokaci ma ya riƙa raguwa ana cikin aiki alhali caja na jone. Wanda ke da mitar auna wuta yana iya auna bakin cajar ya ga ko bolt ɗin da aka rubuta yana fitowa, sai dai ya sani cewa caja mai rauni takan nuna lamba daidai a mita, ta kuma gaza da zarar an ɗora mata nauyi. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a ari caja ta asali daga mai kwamfuta iri ɗaya.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne siririyar allurar da ke tsakiyar bakin cajar Dell da HP. Ba ita ke kai wutar da ke cajin batir ba. Aikinta shi ne ta sanar da kwamfuta ƙarfin cajar da aka jona. Idan allurar ta lanƙwashe ko ta karye, ko wayarta ta tsinke a cikin igiya, ko kuma cajar jabu ce, kwamfutar Dell za ta kunnu amma ta ƙi cajin batir, kuma ta rage saurin aikinta har mutum ya ɗauka cuta ce ta shige ta. Ana tabbatar da wannan cikin minti biyu: a kunna kwamfutar ana danna F2 har a shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ke buɗewa kafin Windows ya tashi, a nemi shafin bayanin batir. Idan aka ga an rubuta 65W ko 90W a gaban cajar, kwamfuta ta gane ta. Idan aka ga an nuna ba a san ta ba, to batir ba shi da laifi, caja ce ko bakinta. A HP ana shiga BIOS da F10, ana kuma samun gwajin batir da caja idan aka danna Esc sannan F2. A ThinkPad na Lenovo kuwa F1 ake dannawa.

Sababbin kwamfutoci masu caji ta USB-C suna da nasu sharuɗɗa. Cajar da kwamfutar sukan yi yarjejeniya kafin wuta ta wuce, a kan bolt 5 ko 9 ko 15 ko 20, shi ya sa cajar wayar salula takan shiga bakin daidai amma ba ta tsinana komai. Igiyar ma tana da iyaka: igiyar USB-C ta gama-gari ba ta wuce wat 60, sai wadda aka yi ta musamman domin amfiya 5 ce ke kai wat 100. Kuma ba kowane bakin USB-C ne ke karɓar caji ba, don haka a duba alamar fulogi ko ta walƙiya a gefensa.

Bakin caja na jikin kwamfuta yana shan ƙura, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu. A kashe kwamfutar, a haska cikin bakin da tocila, a fitar da ƙurar da iska ko da tsinken itace busasshe, kada a yi da allura ko wani ƙarfe. Idan sai an karkata kan cajar ko an danne shi kafin caji ya kama, bakin ya saki, kuma ci gaba da dannewa yana iya ƙona wurin. A kwamfutoci da yawa bakin yana kan ƴar wayarsa daban, sauya shi ba babban aiki ba ne.

Idan caja lafiya lau ce amma kwamfuta ta yi shiru, babu fitila babu ƙarar fanka, sai a zubar da ragowar wutar da ta maƙale a cikinta. A cire caja, a cire duk abin da ke jone, a cire batir idan irin na waje ne, a danne maɓallin kunnawa na tsawon daƙiƙa 30, sannan a jona caja kaɗai ba tare da batir ba a gwada. Idan ta tashi a haka, ana iya zargin batir. Wasu ThinkPad masu batir na ciki suna da ɗan rami a ƙasa wanda ake dannawa da tsinke domin wannan aiki. Alama ɗaya ce nake so a ɗauka da muhimmanci: idan fitilar jikin caja tana haske, amma ta mutu da zarar an soka ta a kwamfuta, to wuta na haɗewa a cikin bod. A daina gwaji, kada a kawo caja ta biyu, a kai ta wajen mai gyara.

Shi batir ba a yanke masa hukunci da ido, Windows na da rahotonsa. A buɗe wurin rubuta umarni, wanda a Windows na Faransanci ake kira Invite de commandes, a rubuta powercfg /batteryreport, a danna Entrée. Zai nuna inda ya ajiye rahoton. A ciki akwai lambobi biyu da ake kwatantawa: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu idan ya cika. Batirin da aka ƙera da 48,000 mWh (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) amma yanzu bai wuce 20,000 ba ya tsufa, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi. Batirin lithium yakan fara nuna gajiya bayan caji da saukewa sau 300 zuwa 500, kuma kwamfutocin da ake sayarwa na hannu sun riga sun ci rabonsu kafin su iso nan. Wannan umarni ya kamata a buga shi a gaban mai sayarwa tun kafin a biya kuɗi.

Wani lokaci batir yakan tsaya a kashi 60 ko 80 cikin ɗari ya ƙi wucewa, alhali lafiyarsa ƙalau. Manhajojin Lenovo Vantage da MyASUS da BIOS na Dell da na HP duk suna da zaɓin taƙaita caji domin batir ya daɗe, kuma mai yiwuwa wanda ya riƙe kwamfutar a baya ne ya kunna shi. Ga wanda ke zaune a ofis mai tsayayyiyar wuta zaɓi ne mai kyau. Ga wanda ke buƙatar cikakken batir saboda ɗaukewar wuta, gara ya kashe shi. Idan ba wannan zaɓin ne ya tsayar da cajin ba, a shiga Gestionnaire de périphériques, wato wurin da Windows ke jera na'urorin kwamfuta, a buɗe sashen batir, a cire layin da ke ɗauke da kalmar ACPI, a sake kunna kwamfutar, Windows zai mayar da shi da kansa.

Zafi shi ne babban abokin gabar batir a garin nan. An ƙera batirin lithium ya yi caji tsakanin digiri 0 zuwa 45, a watan Afrilu da Mayu kuwa zafin Maradi yana haura 40 tun kafin a kunna kwamfuta, don haka tana iya dakatar da caji da rana domin kare kanta, ta ci gaba da dare. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, domin suna toshe ramukan iska. Kada a bar ta cikin mota ko akwatin babur a rana. A kuma sa a share fankarta bayan kowane hunturu. Idan aka ga wurin goga yatsa da ke ƙasan madannai ya taso, ko murfin ƙasa ya buɗe, ko kwamfuta ta daina zama daidai a kan tebur, batir ya kumbura. A kashe ta, a cire caja, kada a danne batirin, kada a huda shi, kada kuma a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, domin yana iya kamawa ya fashe. Ina roƙon a kiyaye wannan ƙwarai a gidan da ke da yara.

Kwamfutar da ke mance kwanan wata da lokaci duk sanda aka kashe ta, ƙaramin batirin bod ne ya mutu, galibi CR2032 mai bolt 3.

Saura dok, akwatin da ake jona kwamfuta da shi a kan tebur domin ta haɗu da babban allo da madannai da wayar intanet lokaci guda. Tsofaffin dok na kamfani ɗaya ne kawai: na Dell Latitude jerin E yana kamawa ta ƙasa, na wasu HP EliteBook ta gefe, kuma ba sa musanya. A irinsu matsalar takan zama ƙura a bakin haɗin ko rashin zama daram. Sababbi masu USB-C sun fi rikitarwa, domin bakin kwamfutar dole ya iya fitar da hoto, kuma ba duka ke iyawa ba. Idan madannai da linzami suna aiki ta dok amma allo bai kawo ba, a duba ko bakin yana da alamar DisplayPort ko walƙiyar Thunderbolt. Idan yana da ita, a danna maɓallin Windows tare da P a zaɓi faɗaɗa allo, a tabbatar babban allon yana kan mashigar da aka jona, HDMI ko DisplayPort. Dok masu fasahar DisplayLink ba sa nuna hoto sai an saka manhajarsu.

Dok yana cin wani kaso na wutar kafin ya miƙa saura. Dell WD19 mai caja wat 130, alal misali, wat 90 yake bai wa kwamfuta, saboda haka idan aka jona masa cajar kwamfuta mai wat 65 a maimakon tasa, allo zai riƙa ɗaukewa, caji ya ƙi kamawa. Bayan ɗaukewar wuta kuma dok yakan rikice. A cire komai daga jikinsa har da caja, a danne maɓallinsa daƙiƙa 30, a mayar da caja, sannan allo, sannan kwamfuta a ƙarshe. Idan abin ya ci gaba, a sabunta BIOS da manhajar dok daga shafin kamfanin da ya ƙera su, amma da sharaɗin batir ya cika kuma wuta tsayayya ce, domin katsewa a tsakiyar sabunta BIOS na iya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya. Wanda ke son ya rufe murfi ya yi aiki da babban allo sai ya shiga zaɓin wuta a Windows ya sauya abin da rufe murfi ke yi, amma a lokacin bazara barin murfin a buɗe ya fi taimaka mata wajen huce zafi.

Idan ta kai ga zuwa wajen mai gyara, a tafi da cajar da dok ɗin tare da kwamfutar, a faɗa masa gwaje-gwajen da aka riga aka yi da abin da BIOS ya nuna. A kwashe muhimman takardu zuwa wani ma'aji tun kwamfutar tana tashi, a nemi ya faɗi kuɗin aikin kafin ya kwance ta, a kuma karɓi tsohon kayan da ya cire. Idan batir za a saya, a kwafi lambar da ke jikin tsohon a nemi mai irinta, sannan a sake buga powercfg /batteryreport a shagon domin a ga ƙarfin sabon kafin a tafi da shi.