Yadda Ake Fita Kallon Tsuntsaye Masu Cin Rani a Duwatsun Shai

Daga watan Oktoba zuwa Maris, dajin da ke bayan birnin Ankara na Gana yakan cika da baƙin tsuntsaye. Wasu daga Turai suke, sun ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara. Wasu kuma daga arewa suka gangaro, wajen Nijar da Mali, kamar yadda mutanenmu ke saukowa cin rani idan an gama girbi. Yunwa ce ke koro na Turai: sanyi na sauka a can sai ƙwari su ɓace, mai cin ƙwari kuwa dole ya nemi inda zai sa a baki. A cikinsu akwai wanda nauyinsa bai wuce giram 9 ba, amma ya ratso hamada mai faɗin fiye da kilomita 1,500, yawanci da dare yake tafiya. Abin takaici ne irin wannan baƙo ya yi wata biyar a kusa da mu ba mu ɗaga kai mun dube shi ba.

Mataki na farko ba ya cin ko sidi ɗaya: ka san 'yan gida. Duk wanda bai san tsuntsayen unguwarsu ba, ba zai gane baƙo ba ko da ya sauka a gabansa. Bayan sallar asuba ka tsaya a tsakar gida ko bakin masallaci, a unguwar Nima kake ko ta Madina a Ankara, ka yi minti goma kana kallon abin da ke wucewa. Hankaka, kurciya, balbela, waɗannan suna nan rani da damina. Shirwa fa? Lura da ita. Mai baki rawaya da wutsiya mai gwafa, da rani take yawaita a kudu, ruwa na kankama sai ta koma arewa. Ka ga ke nan ka riga ka sami mai cin rani na farko. In ka ga wanda ba ka san sunansa ba, tambayi dattawan da suka taso a karkara. "Baba, wane tsuntsu ne wancan?" Sau da yawa za ka sami suna har da labarin halinsa.

Na biyu, kayan aiki. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, ko na aro ne. Wanda ya fi haka ƙarfi rawa yake a hannu. Ƙaramin littafi da biro. Manhajar Merlin a waya, mai taimakawa wajen gane tsuntsaye, kyauta ce, amma ka sauke tsuntsayen yankin nan tun a gida. Tufafi kuma masu launin ƙasa ko kore. Farar jallabiya a ajiye ta, tun daga nesa tsuntsu zai hango ka.

Na uku, wuri da lokaci. Duwatsun Shai na da nisan kimanin kilomita 50 daga Ankara, a kan hanyar Tema zuwa Akosombo, ƙofarsu na kusa da Doryumu. Gandun daji ne na gwamnati mai faɗin murabba'in kilomita 51, fili mai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi, ga duwatsu sun taso a tsakiya. A kan duwatsun ne kabilar Shai suka zauna har Turawan Ingila suka tashe su a 1892. Ana biyan kuɗin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin da zai raka ka. Tun a ƙofa ka gaya masa tsuntsaye ka zo gani, in ba haka ba kai tsaye kogon da ke cikin duwatsun zai nufa da kai. Daga Ashaiman kana iya hawa torotoro, wato motar haya, mai zuwa Kpong ko Akosombo ka sauka a bakin ƙofar. Rana na fitowa wajen ƙarfe 6, don haka yi ƙoƙari ka isa da sassafe. Ƙarfe 10 na yi, zafi ya taso, daji ya yi shiru. Sha kokonka da ƙosai kafin ka isa, domin birai na zaune a bakin hanya, kuma sun san leda. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, launi ba ya fita sosai, gara ka ɗaga tafiyar.

Na huɗu shi ne ainihin sana'ar, kuma nan ne sababbi ke karaya. Tsuntsun Turai ba da rigar ado yake zuwa mana ba. Kyawawan launukan da kake gani a hoto na lokacin aure ne a can. A nan yawancinsu ruwan ƙasa-ƙasa ne, kuma ba su cika rera waƙa ba. Saboda haka da hali ake gane su. Tsaya rana na bayanka, ka fara nemo motsi da ido tsirara, sannan ka ɗaga madubin zuwa idonka ba tare da ka kawar da kallo ba.

Duba kan dogayen ciyayi. Za ka ga wani ɗan tsuntsu ya ɗare can ƙololuwar kara, karan na lanƙwasa da shi, yana da farin layi a saman ido kamar gira. Zai dira ƙasa ya cafko ƙwaro ya sake hawa wani karan. Shi ne littattafai ke kira whinchat, daga Turai yake. A inuwar bishiya kuma akwai masu kamun ƙuda iri biyu. Ɗaya toka-toka ne, zaune yake a miƙe, ya zabura ya kama ƙwaro a iska ya dawo reshen da ya bari. Ɗayan na da farin tabo a fiffike, yana yawan ɗaga fiffike ɗaya kamar an tsikare shi, kuma ba kasafai yake komawa reshe guda ba. Wannan bambancin kaɗai ya ishe ka raba su ko hazo ya hana ka ganin launi.

Wanda na fi so a cikinsu ɗan Sahel ne, mai cin zuma (wato ƙudan zuma) mai farin maƙogwaro. Kore ne, da baƙin layi ta kan ido, da dogayen gashi biyu sirara a wutsiya. A gefen hamada yake ƙyanƙyasa da damina, da rani ya sauko garke-garke. In ya kamo zuma sai ya buga ta a reshe, ya goge ƙarin, sannan ya haɗiye. Zauna ka kalli wannan da kyau, kada ka yi saurin wucewa don ƙara suna a littafi. Idan kuma ka hango hayaƙin gobarar daji, ɗaga kai: shirwa da shaho na shawagi suna cafke fārin da wuta ta koro.

Kazar dutse, fakara da cilakowa 'yan gida ne, amma a rubuta su.

Na biyar, rubutu. Kwanan wata, wuri, lokaci, girman tsuntsu idan an gwada shi da kurciya, siffar baki, abin da yake yi. Rubuta kafin ka buɗe waya, don da zarar ka ga hoto sai ido ya fara ganin abin da babu. Wanda ba ka tabbatar ba, ka rubuta "ban gane ba". Tsattsewar Turai, alal misali, tana kama da wasu na gida, kuma a tsakiyar rani takan sauya gashi, doguwar wutsiyarta ta gajarce. Wanda ka tabbatar kana iya sa shi a eBird, shafin intanet da ake tara bayanan tsuntsayen da aka gani, inda masu bincike ke amfana da shi.

In ka je da yara, a bar danƙo a gida. Idan kuma ka tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, kwafe lambar da adireshin da ke jiki, ka sanar da ƙungiyar Ghana Wildlife Society da ke Ankara. Da irin waɗannan zobba aka gano hanyoyin da suke bi.

Bayan Shai, gwada tudun Aburi, inda lambun da aka buɗe a 1890 yake. Mota na tashi daga Madina, kuma masu cin zuma na son bakin kurmi. Ga tsuntsayen ruwa kuwa sai tafkin Sakumono, tsakanin Teshie da Tema, wanda aka sa cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, a 1992. Sannan ka koma Shai a watan Maris. A lokacin mazan whinchat sun fara sa rigar aure, ƙirji ya yi ruwan lemo, suna ta ci don tara kitsen da zai ƙetarar da su hamada. Zuwa ƙarshen Afrilu yawancinsu sun tashi.